Tsarabar Dusar Ƙanƙara

Da muka je hutu tsaunukan Alps, ban yarda na hau katakon zamiya ba. Maigidana yana can yana faɗuwa yana tashi, ni kuwa ina yawo a keken doki, ina kallon duniya fara fat kamar an shanya auduga. Sai na tuna Goggo, da muke zaune tare a unguwar Shifa a Riyad, ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Na kira ta na yi mata alkawarin kawo mata tsarabarta. Na cika filas ɗin shayinmu da dusar, na naɗe da bargo. Ni da digirina, na tabbata filas ba ya cin amana.

A Riyad, Goggo har maƙwabta ta gayyato. Na buɗe da bismilla, na juye a faranti. Ruwa ne ya zubo, yana ƙamshin citta. Na leƙa filas, na girgiza, na sake leƙawa.

Goggo ta tsoma yatsa ta ɗanɗana. "'Yar nan, wannan kuka je gani har ƙasar Turawa?"

Har yau in baƙi suka nemi ruwa, sai ta ce mini, "Yalla, maza ɗebo musu dusar ƙanƙara a famfo."