Ƙofar da Na Ƙi Buɗewa a Ka'akiyya

Ko zan manta da komai na zamana a unguwar Ka'akiyya ta Makka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara wa kaina mutanen bene guda ba, da rana tsaka, kuma wai ina cikin hankalina. Har yau idan abin ya faɗo mini ina wanke-wanke sai in ji kamar in nutse don kunya, kafin in gama jin kunyar kuma hawaye sun zo.

A lokacin ina da tsohon ciki, bayan na sha ɓari. Likita ta ce in kwanta: ban da hawa da sauka, ban da ɗaukar ko bokiti, ban da tashin hankali. Mijina yana aiki a shagon kayan gini, idan ya fita da safe sai magariba. Ga Goggo kuma a asibiti, ƙodarta ta ƙi aiki. Goggo yayar babana ce, ita ta ɗauko ni daga Kano ina 'yar mitsitsiya, ta riƙe ni a unguwar Mansur har ta aurar da ni. Ita a kwance, ni a kwance, gari ɗaya, ba mai iya zuwa wajen wani. Ba abin da nake roƙon Allah kamar in sake ganin fuskarta. Idan na kira ta sai ta ce, "Ke dai riƙe abin da ke cikinki, ni ina nan."

Ƙanwar mijina ce ta tausaya mini ta kawo mini filas cike da finafinai, wai in rage zaman kaɗaici. Ashe duk na ban tsoro ne, kuma duk da Sifaniyanci, yaren da ban san ko sannu a cikinsa ba, sai fassarar Larabci da ke gudu a ƙasa. Labarin kusan ɗaya ne kullum. Iyali suna zaune a gidansu lafiya lau, sai a ƙwanƙwasa. Wani mai ladabi yana tsaye, motarsa ta lalace ko yana neman ruwan sha. Matar gida ta buɗe. Shi ke nan, sai ɗauri a kan kujera da ihu har ƙarshen fim. Ni kuwa ina kwance da kwamfuta a gefen ciki ina zagin matar, "Kar ki buɗe, sakarya!" (Wadda aka hana tashin hankali ke nan.) Gaskiyar magana, tsoron fim ya fi mini sauƙi. Shi idan na rufe kwamfuta ya ƙare, na Goggo kuwa yana nan har cikin barci.

Ga kuma labarin da mata ke yawo da shi a lokacin, wai maza na sa abaya da niƙabi su shiga gidaje su yi sata. Ban taɓa ganin wadda aka yi wa ba, kullum maƙwabciyar ƙawar wata ce. Amma na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Ranar, bayan azahar, aka ƙwanƙwasa. Na lallaɓa na leƙa ta 'yar hudar ƙofa. Gilashinta ya daɗe da dushewa, ƙwan fitilar matakala kuma ya mutu. Abin da na gani, baƙaƙen abayoyi biyu, da wani namiji can baya ya juya kai.

"Min?" na tambaya da Larabci, wato wane ne.

"Salamu alaikum. Buɗe 'yar nan, mu ne."

"Ku su wa?"

"Balaraba ce, maƙwabciyar Goggonki."

Na san Hajiya Balaraba tun ina yarinya, mai waina a layinmu na Mansur, wadda idan ta kira jikanta ake ji har bakin titi. Wannan muryar kuwa a dishe take, kauri gare ta kamar ta namiji mai mura. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa kuka ma yana dusar da murya.

"Me ya kawo ku?"

"Magana ce ta zaune. Buɗe ki ba mu ruwa, rana ta dafa mu."

Ruwa! Kamar dai a fim ɗin. Na kira mijina, ta yi ta ringi bai ɗauka ba. Na kira wayar Goggo, a kashe. (Daga baya na ji mijina yana asibiti yana ta zirga-zirgar takardu. Ya ga kirana, ya san idan ya ɗauka muryarsa za ta tona shi.)

To, duk Bahaushiya mai hankali ta gama ganewa a nan. Manya sun zo ba sanarwa da tsakar rana, sun ƙi faɗin dalili a tsaye, miji ya ƙi ɗaukar waya, ga mara lafiya a asibiti. Ni fa a hannun Goggo na tashi, ita kanta an sha aikenta irin wannan aike. Ta je ta zauna, ta nemi ruwa, ta yi zancen zafin gari, ta ce jikin wane ya yi tsanani, a hankali a hankali har mai gida ya gane da kansa. Na san duk wannan. Amma a ranar kaina cike yake da Turawa a ɗaure kan kujera.

Ni da aka hana ɗaukar bokiti, na turo kabad ɗin takalma na tokare ƙofa. Na shiga kicin na ɗauko muciya. Sai dabara ta zo mini, na koma tsakiyar falo na kumbura murya irin ta maza na ce, "Min alal bab? Wa ke ƙofa?"

Sai Hajiya ta ce, "Haba 'yar nan. Mijinki ai shi ya aiko mu."

Maimakon hankalina ya kwanta sai na ce a raina, ka ji, har sun san ba ya gida.

"Don girman Allah ki buɗe," in ji ta. "La'asar na matsowa, ba mu da lokaci."

Ɗaya matar, Inna Zulai, ta sa baki, "Iftahi ya binti, buɗe 'yata, wallahi alheri muke nufinki da shi."

Nan na tabbata. Na ruga tagar kicin, wadda ke kallon tagogin maƙwabta, na buɗe baki iya ƙarfina. "Ɓarayi! Ilhaguni! Jama'a ku kawo ɗauki, za su kashe ni!"

Aka kawo ɗaukin kuwa. Na ji ƙofofi na buɗewa sama da ƙasa, silifa na ta faɗa a matakala. Mai gadin bene ya hau da sanda ya cakumi wuyan rigar direban da ya kawo su, bawan Allah yana ta rantsuwa da harsuna biyu. Hajiya Balaraba, tsohuwa mai jikoki, ta ɗaga niƙabinta a gaban mazan mutane don a ga fuskarta. Maƙwabciyata ta sama ta buga ƙofa ta ce in buɗe, dattijai ne, kuka ma suke yi. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, na ce, "Ke ma tsare ki suka yi da wuƙa! Ki ce wa ɓarauniyar ta faɗi abin da ya kawo ta daga nan!"

Sai hayaniyar ta lafa. Hajiya ta matso har na ji numfashinta a jikin katako, ta ce da wannan dusasshiyar muryar, "To. Goggonki ta rasu tun hantsi. Yanzu muka gama mata wanka. Mun zo mu kai ki ki gan ta ne kafin a rufe fuskar."

Duk lallaɓawar da suka taho da ita tun daga Mansur saboda cikina, haka na sa suka zubar da ita a matakala, a tsaye, a gaban baƙi.

Kabad ɗin da na turo da ƙarfin tsoro kuma sai ya ƙi matsawa. Na zauna a ƙasa na jingina baya ina turawa ina kuka, su suna turo ƙofa daga waje. Da suka shigo muciyar na nan a hannuna, Inna Zulai ce ta zare ta.

Shekarun nan ne da ake ta rusau da gine-gine a kewayen Harami, ko'ina an toshe hanya. Direban, da maɓallan rigarsa a tsinke, ya yi iya ƙoƙarinsa. Da muka isa wurin wankan gawa an riga an sa ta a likkafani an wuce da ita, don a Makka ba a riƙe mamaci a tsallake salla. A keken marasa lafiya aka tura ni cikin masallaci. Bayan la'asar aka yi kiran sallar gawa, na ɗaga hannu tare da dubban mutanen da ba su san ta ba. Tana can gaba cikin jerin gawawwaki, ban ma hango makarar ba. Mata kuma ba sa bin gawa maƙabarta.

A mota na tambaya ko da na buɗe da wuri da mun riske ta. Hajiya ta ce a'a, cunkoson ya yi yawa. Inna Zulai ba ta iya irin wannan ƙaryar ba, ta juya tana kallon titi.

Cikin bai sami komai ba, alhamdulillahi. Labarin kuwa ya riga ni isa zaman makoki. Ina ganin mata suna sunkuyar da kai suna danne dariya da gefen mayafi, ban ga laifinsu ba, da wata ce ta yi da ni ma na yi. Na ja jiki na je gaban Hajiya, ciki ya hana ni durƙusawa sosai, na ce ta yafe mini. Ta dafa kaina ta ce, "Ni na yi mata wankan. Fuskarta fes, kamar za ta tashi ta yi miki faɗa."

Duk abin da na sani game da fuskar Goggo ta ƙarshe ke nan, kuma daga bakin matar da na kira ɓarauniya na ji shi. Yanzu idan tsohuwa ta tsaya mini a ƙofa ta ce magana ce ta zaune, ba na tambayar ko wace ce. Ina buɗewa, in kawo ruwa, in nemi wuri in zauna tun ba a ce mini ba.