Rasuwar Gwaggo, Gangar da Aka Ɗaure Har Ta Cika

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da nake roƙon Allah ya sassauta mini, nake sanar da dangi, maƙwabta da tsofaffin abokan kiɗan maigidana rasuwar babbar gangarmu mai ƙafa uku, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika a falonmu na saman bene, a kusurwar da ta saba tsayawa, bayan gajeriyar jinya wadda ba ita ta jawo wa kanta ba. Tsufa bai taɓa ta ba, gara ba ta ci ta ba. Ƙanena ne ya kashe ta, autanmu, bakanike, wanda abokan aikinsa ke kira Injiniya, shi kuma yake amsawa.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, ita ce gangar da ke tsayawa a ƙasa ta hannun damar makaɗi a jerin gangunan zamani, wadda ta fi sauran zurfin ciki da kaurin murya. Maigidana ya yi aiki da ita tun kafin aurenmu. Shi ya raɗa mata suna, domin a cewarsa idan ta yi magana kowa a ɗaki yakan gyara zama, kamar yadda ake yi idan ƙanwar mahaifinsa ta yi gyaran murya. Ba ta da surutu. "Dummm," take cewa, ta ja shi a hankali, ta sauke shi ƙasa, sannan ta kame bakinta.

Kiɗan da ya ciyar da gidanmu shi ne ya cinye kunnuwan maigida. Kukan tsuntsu ne ya fara tafiya, sai ƙarar waya, daga baya muryata. Ya karɓi wannan da haƙurin da ya fi nawa. Abin da ya kasa jurewa shi ne hannu a kafaɗa. Mutumin da ba ya jin takun mai zuwa, kowace taɓawa firgita ce a gare shi. Na ga dattijo mai kamala ya zabura, shayi ya zube masa a cinya, jikoki suna dariya ba da mugunta ba, shi kuma yana murmushin dole. Daga nan ya koma zama a ɗakinsa, baya a jingine da bango, ido a ƙofa, kamar mai gadi.

Wata rana ina shara, kan tsintsiya ya faɗa wa Gwaggo. Sai ga maigida a bakin ƙofa yana tambaya, "Wa ya taɓa Gwaggo?" Daɓen benenmu na katako ne. Ashe muryarta ta bi ƙafafunta ta shiga katakon, ta wuce ta ƙarƙashin ƙofa, ta same shi a tafin ƙafa.

Daga ranar muka shiga neman muryar da za ta fi isa gare shi. Ni da na yi shekaru ina koyarwa a aji, na zauna a ƙasa na zama ɗaliba. Ina so duk mai karanta wannan sanarwa ya lura da abin da zan faɗa, musamman mutum ɗaya. Babbar ganga ba a tsananta mata. Ana kwance notinta duka, a mayar da su da yatsu kawai har su kama. Sai a danna tsakiyar fata da tafin hannu, a ga inda ta tattare, a ɗauki ɗan mabuɗinta a juya kaɗan, noti ɗaya a nan, sannan wanda ke fuskantarsa a can. Da zarar tattarar ta ɓace, a cire hannu. Daga nan a bi gefen fatar da yatsa ana ƙwanƙwasawa kusa da kowane noti, har duk su yi magana da murya ɗaya. Wannan aikin kunnena ne. Fatar ƙasa kuwa ana ɗan ƙara mata ɗauri fiye da ta sama, don sautin ya rusuna idan zai ƙare. Har takalman robarta muka cire, ta tsaya ƙafa tsirara kamar mai ita.

Shi kuma yana ɗakinsa ba takalmi, yana ɗaga murya irin ta wanda ba ya jin kansa: "Ƙara sassautawa!" Ko kuma, "Kin wuce, Malama, dawo baya!" Watanni muka yi a haka. Rannan na buga, ban ji ihu ba. Na leƙa, na same shi idonsa a rufe, ya ce a hankali, "Nan."

Tun daga lokacin ba wanda ya sake dafa masa kafaɗa. Bugu ɗaya, abinci ya sauka. Biyu, baƙo ya zo. Wani lokaci nakan buga ba dalili, ya fito, ya tarar ba abinci ba baƙo, ya zauna kusa da ni bai tambayi komai ba. Wannan shi ne aikin marigayiya a ƙarshen rayuwarta, kuma ba ta taɓa makara ba.

Ciwon ajalinta ya same ta ne ranar da na raka maigida asibitin kunne. Famfon kicin yana yoyo, na bar wa Auta mabuɗin gida ya gyara. Famfo na ce. Ya gyara famfon, Allah ya saka masa a kan wannan. Sannan ya shiga falo, ya ɗaga mayafin da nake rufe Gwaggo da shi, ya taɓa noti ɗaya, ya ji yana juyawa. Ya ɗauko sufana. Ya bi na sama ya bi na ƙasa, ya ɗaure su da ƙarfin da yake ɗaure tayar babbar mota. Bai tsaya nan ba, ya yanko tsohon tiyo ya yi mata takalma. Ya mayar da mayafi ya gyara shi tsaf, ya kulle gida, ya tafi yana jin ya yi aikin lada.

Da muka dawo, abincin rana ya sauka, na ɗaga mayafin ban duba ba, ludayi a hannun hagu, sanda a dama, kamar kullum. Na buga. "Tang," ta ce. Murya ce siririya, ta wadda aka shaƙe, kamar an jefa dutse a kwano. Ban gane ba. Maigida bai fito ba, sai na ƙara ƙarfi. "Ƙas." Wannan ita ce kalmarta ta ƙarshe. Fata ta yage, noti biyu suka fizge daga jikinta da tsokar katako, gangar jikin ta tsage daga baki har kusa da ƙafa. Ku lura da wannan: shi ya yi ɗaurin, amma ya bar wa hannuna bugun ƙarshe.

Na tarar da maigida zaune, tafin ƙafarsa a shimfiɗe a kan katako, yana kallon agogon bango, don ya san lokacin abinci ya yi. Ya dube ni ya ce, "Kin buga?" Na gyaɗa kai. Ya kalli ƙafafunsa ya ce, "To. Ƙafar ma ta tafi." Sai da na kama hannunsa na kai shi kan gawar kafin ya yarda ba jikinsa ba ne. Wannan ɗan lokacin da ya yi yana zaton an karɓe masa abin da ya rage, shi ne ban san yadda zan yafe ba.

Da na kira mai laifin, da fara'arsa ya zo. "Haba Yaya, ai godiya ya kamata ki yi mini. Duk notinta a kwance suke, da yatsa ma juyawa suke. Da mota ce, da tuni taya ta bar ku a hanya."

Na ce, "Wa ya aike ka?"

"Ni fa ba na iya ganin noti a sake in wuce, ciwo yake yi mini. Kuma a gicciye na ɗaure, ɗaya nan ɗaya can, yadda ƙa'ida ta ce. Katakon ne dai ya tsufa." Ya ɗan leƙa ƙofar ɗakin, ya rage murya, abin da ba ya buƙata, ya ƙara da cewa, "To wai ma Yaya, Maigida ba ji yake ba, me zai dame shi?"

Ni na goya yaron nan. Na nuna masa ƙofa, domin abin da ya zo bakina a lokacin ba na masu tsoron Allah ba ne.

Mai gyaran kayan kiɗa ya duba ta, ya ce gam zai iya haɗa jikin, amma murya ba za ta dawo ba.

Marigayiya ta bar ƙanwarta, ƙaramar ganga mai waya a ƙasa, mai tsiwa, wadda muryarta ba ta ratsa katako. Ta bar faifan tagulla biyu da ke jingine bayan kujera, da sanduna, da ɗan mabuɗinta wanda bai taɓa cutar da ita ba. Ta bar takalman tiyo guda uku, waɗanda na ajiye don mai su. Ta bar dattijo ɗaya da ya koma zama baya a bango, ido a ƙofa, da matarsa wadda a yanzu take tsayawa a gabansa tana ɗaga hannu kamar mai tare mota, don kada ta taɓa shi.

Ba na nema wa katako da fata rahama, na san rahama ta masu rai ce. Ina nema wa maigidana sauƙi, ina nema wa kaina sanyin zuciya, ina nema wa Auta hankali.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a falonmu. Auta ne zai ɗauki gawar shi kaɗai, ya kai ta ɗakin maigida, inda za ta ci gaba da zama a matsayin mazaunin kofin shayinsa. Masu zuwa ta'aziyya su bar takalma a ƙofa. Duk wanda ya zo da sufana ko sukundireba a aljihu, ya ajiye a ƙasan bene.

Bayan haka ba za a watse ba. Wani tsohon abokin kiɗan maigida ya ba mu aron wata ganga mai ƙafa uku, baƙuwa, wadda ba ta san gidan ba tukuna. Zan zauna in kwance notinta duka in fara daga farko. Auta zai zauna a ƙasa kusa da ƙofar maigida, ba takalmi, auduga a kunnuwansa biyu, hannayensa a ƙarƙashin cinyoyinsa. Zai zauna har ya ji da ƙafarsa abin da ya ce ba zai dami maigida ba. Idan ba a samu muryar ranar ba, ya dawo Asabar ta gaba, da wadda ke bin ta.

Zaman makoki zai ƙare ranar da na sauke abinci, na buga sau ɗaya, maigidana ya buɗe ƙofa ya fito da kansa ba wanda ya taɓa shi. Ranar ce Auta zai iya sake kirana Yaya, in amsa.