Juyen Motar Gwaggo Falmata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Gwaggo Falmata ta fara kawo mini motarta juyen mai ba. Ko na so in manta, mutanen layinmu ba za su bari ba.

Ni bakanike ne a nan Hadejia. Garejina rumfar kwano ce a gindin wata bishiyar maina, tsakanin mai faci da mai walda. Yawancin aikina juye ne: ka kwance noti, baƙin mai ya tsiyaye, ka canza filta, ka zuba sabo, mai mota ya kama gabansa. Aikin da ko gyangyaɗi kake za ka iya. Amma ni ina da wata ɗabi'a da nake taƙama da ita. Lokacin da tsohon mai ke tsiyaya, ba na tashi zuwa teburin mai shayi kamar sauran. Sai in ci gaba da kwanciya a ƙarƙashi ina bin cikin motar da ido, daga birki zuwa robobi, duk inda na ga ya jiƙe in dangwala yatsa, in murza, in sansana. Kyauta nake yin wannan dubawar. (Wa'azin da ke biyo bayanta ma kyauta ne, shi ya sa wasu suka koma wani garejin.)

Ita kuwa Gwaggo Falmata ƙanwar mahaifin matata ce, ita ta riƙe ta tun tana ƙarama, don haka surukata ce sosai da sosai. 'Yar kasuwa ce ta gaske. Tana bin ƙauyukan wajen Baturiya tana sayen bandar tarwaɗa, ta cika kwalaye, ta kawo Hadejia a loda mata a babbar motar da ke zuwa kudu ranar kasuwa. Tana da wata tsohuwar akori-kura da ta sha ruwan fadama har ta gaji. Tunda na auri 'yarta, ko iska ba ta taɓa sa an duba mata a layinmu ba, wani bakanike take kai wa can bayan kasuwa. Abin nan yana cina ƙwarai. Ba ta taɓa cewa ban iya aiki ba. Ba ta dai taɓa cewa na iya ba.

To, ran nan a ƙarshen damina, ranar kasuwa, ashe bakaniken nata ya tafi ta'aziyya Birniwa. Da hantsi sai ga akori-kura ta tsaya a gaban rumfata, shaƙe da kwalayen kifi. Direbanta, wani dattijo mai suna Malam Modu, ya matsa mata cewa man injin ya daɗe, shi ba zai sake komawa fadama da shi ba. Na durƙusa na gaishe ta, na share mata benci da gefen rigata. Ta amsa tana kallon wani wajen, yadda surukai ke yi, sannan ta ce, "Juye kawai za a yi, ɗan nan. Motar kudu tana tashi bayan la'asar, ina so in kama wuri da wuri."

Na ce an gama.

Akwai abu guda da ya kamata in faɗa tun yanzu: mura nake yi a ranar, irin wadda ke toshe hanci ruf. Layin nan kaf ya ɗauki ƙanshin banda, mai faci har haɗiyar yawu yake yi, ni kuwa ko fetur aka tura mini a hanci ba zan ji ba.

Na shiga ƙarƙashin mota na kwance noti. Mai na tsiyaya, ni kuma na fara aikin nawa na kyauta. Gaba lafiya lau, abin har ya ba ni haushi. Na ja jiki na yi baya. Ina isa aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, sai na ga ƙullutun nan na tsakiya ya jiƙe sharkaf, mai ya haɗu da ƙura ya yi baƙi, yana ɗiga ɗis, ɗis. Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina, yau Allah ya kama bakaniken bayan kasuwa. Na dangwala, na murza, na kai hanci don cika al'ada. Ban ji komai ba, amma na gyaɗa kai kamar na ji.

Na fito ina goge hannu a tsumma, na saka fuskar likitan da zai faɗi mummunan labari. Na yi wa Gwaggo bayani cewa robar da ke tare man aksil ta mutu, man yana zuba, in ya ƙare ƙarafan za su cinye juna, tayoyin baya su ƙame a tsakiyar daji. Na ƙara da cewa ban san wanda ke duba motar nan ba (na sani sarai), amma ya ji tsoron Allah. Malam Modu, Allah ya saka masa, ya ce ai shi dama tun daga Baturiya yake jin wata ƙara a baya. Daga baya na gane duk abin da ka ce da Malam Modu, ya riga ya ji ƙararsa tun daga Baturiya.

Gwaggo ta tambaya ko motar ba za ta iya kai kifin kasuwa ba, ga ta nan kusa, in ya so a dawo a yi gyaran. Tambaya ce ta mai hankali. Amsar mai hankali ita ce eh. Amma ni na ga in motar nan ta bar rumfata, wurin wancan mutumin za ta ƙare. Sai na ce ni dai ba zan bar uwata ta hau motar nan a haka ba, kuma kafin azahar na gama. Ta ce to, ni ne bakanike, ni na san aikina.

Aka sauke kwalaye aka jera a inuwar maina, Malam Modu ya zauna gadi. Na ɗaga mota a jak, na cire tayoyin baya, na tara kwano na kwance notin man aksil. A lissafina ɗan cokali ne zai fito. Mai ya yi ta zuba har kwano ya kusa cika. Duk bakaniken da ke da sauran tsoron Allah a nan zai tsaya ya tambayi kansa: abin da ke yoyo, ya aka yi yake cike? Ni kuwa sai na ɗaga murya na sanar cewa ruwan fadama ne ya shiga ya ƙara masa yawa, abin ma ya fi yadda na zata muni. Malam Modu ya ce ƙwarai, sun ratsa ruwa.

Na zare ƙarafan aksil ɗin ɗaya bayan ɗaya na shimfiɗa su a kan buhu. Robobin lafiyarsu ƙalau, kamar jiya aka saka. Na juya su, na sake juyawa, ina neman laifi. A garin zarewa kuma na yaga takardar da ke liƙe bakin ƙullutun, wadda ita kam ba ta yi wa kowa komai ba. Na aika a nemo sabuwa a kasuwa, aka dawo aka ce sai dai a jira mai shagon, ya tafi masallaci. Aka yi azahar. Gwaggo ta yi salla a shagon matar mai walda ta dawo bencinta. Jefi-jefi takan ɗaga kai ta dubi inda rana take.

A nan ne maguna suka iso. Ƙanshin banda ya tara su daga ko'ina, Malam Modu yana ta korarsu daga kwalaye da sanda. Wata ja mai yankakken kunne, da ta ga babu sa'a a can, sai ta zagayo ta shigo ƙarƙashin mota inda nake kwance. Ta wuce ta gefen kaina ko kallo ban ishe ta ba, ta ɗora ƙafafun gaba a kan aksil, ta fara lasa. Lasa ta natsuwa, har da lumshe ido. Can sai ga ta biyu ta kama ɗaya gefen.

Mai faci ya ajiye tayar da ke hannunsa ya matso.

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, dama mage tana shan man mota?"

Ina kwance, sifana a hannu, na ji bakina yana cewa, "Wasu suna sha, Gwaggo."

(Har yau ban san daga ina maganar nan ta fito ba. Mai faci ya ce a lokacin ne ya tabbatar ni ba ƙaramin mutum ba ne.)

Sai na ga takalmanta sun taso daga benci, sun zagaya bayan mota, sai motar ta ɗan motsa a kan jak alamar an jingina da ita. Na ji ana jan tsohuwar tabarmar da aka shimfiɗa a bayan akori-kurar. Sai haske ya faɗo mini a fuska. Ashe tsatsa ta ci ƙasan bodin ta yi rami kamar bakin ludayi, daidai saman aksil. Kifin kuwa da ɗuminsa aka loda shi daga wurin banda, rana ta buga shi a hanya, mansa ya yi ta tsattsafowa daga kwalaye yana bi ta ramin.

Ta cikin ramin nan na ga ido guda yana kallona. Shekara da shekaru muna surukuta ba mu taɓa haɗa ido ba sai ranar. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta sako yatsa ta shafi gefen ramin, na ji ta ɗanɗana.

Ta ce, "Tarwaɗa ce. Sannu da aiki."

Na so ƙasa ta tsage in shige, to dama a ƙasan nake, babu sauran inda za a je. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tunda uwata ta haife ni. Mai faci ya tafi bayan shagonsa don ya yi dariya cikin mutunci, amma duk layin ana jinsa. Malam Modu ya leƙo ya ce shi ma dama ya yi zargin kifin ne.

Garin neman gira an rasa ido. Motar da ta zo da ƙafarta ga ta a kan jak, hanjinta a kan buhu. Na bazama neman wadda za ta kai kwalayen, amma ranar kasuwa ce, kowace mota da kayanta. Kafin in samo masu kura biyu mu tura kifin, ni da kaina a gaba cikin kayan aiki, motar kudu ta cika an ɗaure tamfol. Muna isa muka ga bayanta. Gwaggo ta tsaya tana kallonta har ta sha kwana. Wannan kallon ya fi mini zagi ciwo, don na san jarinta ne kaf a cikin kwalayen nan.

Wata motar sai kasuwa mai zuwa. Banda kuma a ƙarshen damina ba ta jira, danshi zai sa ta yi fumfuna, ƙwari su shiga. Sai an riƙa fito da ita ana sake yi mata hayaƙi. Gwaggo ta ce gidanta babu fili, gidan 'yarta kuwa akwai tsakar gida. Ba ta ce wane ne zai yi aikin ba. Ba sai ta ce ba.

Na haɗa aksil ɗin washegari, na sa mai walda ya toshe ramin, sannan na rufe gareji. Satin nan kaf a tsakar gida na yi shi, na yanka tsohuwar ganga na ɗora raga, ina hura itace ina juya tarwaɗa ɗaya bayan ɗaya. Matata, wadda ta tashi cikin sana'ar, ta zama shugabata. Tana zaune a kujera 'yar tsugunno tana cewa wutar ta yi yawa, wancan ya ƙone, juya na gefe. Ko sau ɗaya ba ta yi mini dariya a gabana ba. Ɗaki take shiga. Masu motoci kuma suna zuwa har ƙofar gida neman juye, a ce musu maigidan yana banda.

Ana gobe kasuwa Gwaggo ta zo duba kayanta. Ta bi kwalayen, ta ɗauki kifi ta karya, ta duba cikinsa, ta sansana, ta sake ɗaukar wani. Ina tsaye gefe, ido ja wur saboda hayaƙi. Ko ɗaya bai lalace ba. Ta mayar ta rufe kwalin, ta juya wajen 'yarta, don ba za ta faɗa mini kai tsaye ba.

Ta ce, "Mijin nan naki ya iya banda. Wannan aikin kam hannunsa ya faɗa."

Shekarun nan duka yabon da nake jira daga bakinta ke nan, ya kuwa zo. Na durƙusa na ce na gode.

Abin da na koya bai da yawa. Kafin ka kwanta a ƙarƙashin mota kana yanke hukunci, tashi ka leƙa abin da aka ɗora mata a sama. In kuma surukarka ta ce juye kawai, to juye kawai.