Kwangilar Sanyi a Yalwawa

Wani ne, ƙaramin akawu a sakatariyar Dutse, irin waɗanda aka kwaso daga Kano lokacin da aka yanka jiha. Ya lallaɓa ya gina ɗan gidansa a Yalwawa, daidai gindin dutse. Kun dai san garin da bazara. Rana ta gasa duwatsu, duwatsu su juyo su gasa mutane.

Matarsa Luba, 'yar Kiyawa, haƙurinta ya ƙare. Ta ce, "Malam, wallahi in Juma'a ta zagayo ɗakin nan yana nan kamar tanda, gidanmu zan tafi sai ruwa ya sauka. Can ko ba komai akwai inuwar darbejiya."

Hankalin mutumin naku ya tashi. Damina saura wata biyu, shi kuwa ko ruwan shayi bai iya dafawa ba.

Ya garzaya Kano ya sayo iyakwandishan ɗan Kwatano. Abokan aikinsa suka ce, "Ga Maharazu mai gyaran firji nan a bakin kasuwa, awa biyu ya sa maka."

Ya ce, "Haba! Ina ma'aikacin gwamnati in kira mai gyaran firji? Ɗan kwangila zan ba."

Ya kuwa ba Alhaji Jaji, wani babban ɗan kwangila da fayil ɗinsa ke yawan wucewa ta teburinsa.

Ran Litinin Alhaji Jaji ya zo cikin babbar riga, ya zagaya gidan sau uku, ya auna bango da ido, ya shiga mota ya tafi. Ran Talata aka kafa allo a ƙofar gida. Ga sunan aiki, ga sunan ɗan kwangila, ga sunan mai duba aiki, wanda shi ma Alhaji Jaji ne. Allon ya ninka iyakwandishan ɗin girma. Ran Laraba leburori suka fasa bangon falo, suka yi ramin da saniya za ta wuce ba ta sunkuya ba. Aka cusa abin a tsakiya, aka toshe gefe da gefe da buhunan siminti da tsumma.

Mutumin naku ya ce, "To Alhaji, a kunna mana."

"A kunna? Ba a ƙaddamar ba?"

Aka aika aka kira mai unguwa, aka kira mai hoto. Aka ɗaura jan ƙyalle, mai unguwa ya yanka, aka tafa. Sannan Alhaji Jaji ya ce bisimilla, ya danna.

Jama'a, ƙara! Garararararar! Mai unguwa ya fita da takalmi ɗaya. Awakin maƙwabta suka tsinke igiya. Agogon bango ya sauko da kansa. Kafin la'asar tsofaffin matan unguwa sun yi layi a ƙofar gida, kowacce da robar wake da tattasai.

Ta gaba ta ce, "Sannu ɗan nan, nan ne aka kawo sabon injin markaɗe?"

"Iya, ba inji ba ne. Na'urar sanyi ce."

"To ko ma mene ne, markaɗa min, ƙosai zan soya."

Mutumin naku ya bi Alhaji Jaji har gida. Ya ce, "Alhaji, abin nan fa ƙara gare shi. Ni da iyalina da hannu muke magana."

Alhaji ya yi murmushi. "Malam, ai wannan lafiya ce. Aikin da ba ya ƙara, wa zai san an yi shi? Yanzu har mutanen can unguwar Limawa sun san kana da iyakwandishan."

Wallahi sai mutumin naku ya ji wani ɗan daɗi ya ratsa shi. Amma da ya tuna fuskar Luba, ya ce, "Duk da haka dai a ɗan rage."

"Ragewa kashi na biyu ne na aikin. Gobe za a shiga."

Ran Alhamis aka shiga kashi na biyu. Lebura ɗaya ne ya zo, da bulo biyu da guntuwar waya. Ya tokare nan, ya ɗaure can, ya tafi. Ƙarar ba ta ragu ba, salo ta sake. Yanzu sai ka ji kin-kin-dim, kin-kin-dim, kamar an saki kalangu huɗu a gidan biki.

Shekarar kuwa ba a daɗe da fara shari'a ba, unguwa ta hana kiɗa. Bayan azahar sai ga dattawan kwamitin unguwa su uku, Malam Bubayero a gaba da sandarsa.

"Malam, ba ka ji an hana kiɗa ba? Fito mana da makaɗan."

"Allah gafarta malam, ba kowa a ciki."

"Mu gani."

Suka shiga falo. Suka leƙa bayan kujera, suka ɗaga labule. Malam Bubayero ya tsaya gaban na'urar yana nazari, sai ga kansa ya fara bin kiɗan a hankali. Da ya farga ya yi a'uziyya, ya ja da baya.

Ya ce, "To, mun ga ba mutum ba ne. Amma dai a ja masa kunne. Wai shi me yake yi?"

"Sanyi yake bayarwa, malam."

Dattawan suka dubi juna, gumi na ɗiga daga gemunsu. Suka fita waje shan iska.

Ran Juma'a da hantsi Luba ta haɗa akwatinta, ta ajiye shi daidai gaban iyakwandishan, ta hau kai ta zauna tana fifita da mafici. Ta yi magana, bai ji ba. Ta ɗaga murya, bai ji ba. Sai ta nuna masa agogon hannunta, ta nuna hanyar Kiyawa. Wannan kam ya ji shi sarai.

Da gudu ya isa sakatariya. Ya tarar da Alhaji Jaji a kan benci yana jiran a sa hannu a wani sabon fayil.

Ya ce, "Alhaji, ƙarar nan na haƙura. Masu markaɗe na haƙura. Kiɗan ma na haƙura. Amma kwana uku ke nan, ko sauro bai yi atishawa a ɗakin nan ba. Matata tana kan akwati yanzu haka. Don Allah don Annabi, ina sanyin?"

Alhaji Jaji ya cire tabarau, ya goge da hannun riga, ya dube shi cikin tausayi.

Ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Rijiyar burtsatse goma sha biyu na haƙa a ƙauyukan nan, har yau ba wanda ya taɓa tare ni ya ce ina ruwan. Sai kai, a kan ɗan sanyi?"