Ranar da Na Cire wa Surukina Hula

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, kuma ko na so in manta mutanen unguwarmu Kusfa ba za su bari ba. Bari in faɗa tun da wuri, don kada mai karatu ya wahala wajen neman wawan labarin nan: ni ne. Ba wanda ya taya ni. Ni kaɗai na yi abina, da rana, a gaban dattawa, da babbar riga a jikina.

A shekarun nan muna da wani kulob na taimakon jama'a a cikin birnin Zariya. Mu ne masu yashe kwalbati kafin damina, mu kai wa marasa lafiya sabulu da lemo a asibiti, mu tanadi likkafani saboda wanda ya rasu ba shi da kowa. Duk Alhamis bayan la'asar muke zama a wani ajin firamare, manya-manyan mutane a kan bencin yara, gwiwa tana gaisawa da haɓa. Yawancin 'yan kulob ɗin 'yan boko ne masu cin fensho. Ni kuwa ilimantare na yi, ita ma ban ga ƙarshenta ba (malaminmu ya ce kaina yana da kyau ƙwarai, amma ya fi dacewa da ɗaukar kaya). Zare da allura da yadi nake sayar wa masu ɗinkin riga. Baki ne ya shigar da ni cikinsu. In taro ya yi sanyi, ni ake saki.

Ciyaman ɗinmu tsohon hedimasta ne. Ya bar aiki, amma ya taho da ƙararrawar makaranta da halin makaranta. Yana da wata 'yar sanda ta gora, kuma dokarsa ita ce duk wanda aka miƙa wa sandar shi ke da bakin magana, ko gobara ce ta tashi ba mai katse shi sai ya ajiye.

A daidai lokacin ɗana Lawal yana neman auren wata yarinya, Rakiya, 'yar gidan malamai. Mahaifinta ya rasu, na kuwa san shi sosai, na daɗe ina sallah a bayansa. Waliyyinta ƙaninsa ne, wanda ya bar Zariya tun yana yaro ya tafi makaranta, daga nan aikin gwamnati ya riƙe shi a Ikko. Ni ban taɓa sa shi a ido ba, tun da uba ba ya zuwa neman auren ɗansa. Da waliyyin ya zo hutun sallah, ƙanena da aminina Malam Tanimu na tura. Suka dawo suka ce mutumin ya karɓe su da mutunci, amma ya ce ba zai ba da amsa ba sai ya yi bincike a kan yaron da gidan da ya fito. Lawal ya bi ya rame, ko tuwo ba ya gamawa. Uwarsa ta ce mini, "Malam, don girman Allah ka ɗaure bakin nan naka har a ba da amsa." Na ce mata ta daina yi mini magana kamar yaro, ni dattijo ne.

To, wannan mutumin shi ne baƙon da aka gayyato mana ranar. An mayar da shi aiki Kano ban ji ba. Kai mai karatu yanzu ka sani. Ni ranar ban sani ba.

Maganar da ta cika gari a lokacin ita ce sabon harajin da gwamnatin soja ta ce za ta ɗora a kan kayan da mutum ya saya (sunansa na Turanci haruffa uku ne, har yau ban yarda in riƙe su ba). Kulob zai yi muhawara ya yanke: mu shiga kasuwa mu taya gwamnati yi wa mutane bayani, ko mu kai kukan jama'a. Na makara, don wani mai ɗinki ya tsare ni yana zaɓen zare kamar mai zaɓen mata. A ƙofar makaranta na ga mota mai lambar Kano. Ina shiga na tarar Ciyaman yana cewa, "Ga Alhaji Shehu, babban jami'i a ofishin haraji, ya taso mana takanas daga Kano."

Daga Kano! Sai na ji wani sanyi a raina. Kowa ya san abin da ke tsakanin Bazazzage da Bakano. Abokin wasa ne, bawanka ne kai ma bawansa, ka faɗa masa abin da ka ga dama ya rama, ba fushi ba ƙara. Ga Bakano, ga haraji, ga taro. Na ce yau Allah ya ciyar da ni. Na samu benci a gaba, nesa da Tanimu, wanda na ga yana ta yafuto ni da hannu. Na ɗauka wurin zama yake yi mini tayi, na yi masa alamar na gode.

Baƙon ya yi bayani a natse, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce biyar ce cikin ɗari, ba za ta hau kan hatsi ba, ba za ta hau kan magani ba. Mai kanti ne zai karɓa daga hannun mai saye ya kai wa gwamnati. Malam Bulus, mai kemis daga Wusasa, ya karɓi sanda ya ce shi yana goyon baya, don asibitin da muke kai wa sabulu ko auduga babu, kuma gwamnati ba ta haƙo kuɗi a rijiya. Wani tsohon ma'aji ya karɓa ya ce a rijiya kuwa take haƙowa, ta man fetur, a fara gaya mana inda wancan ya shiga. Aka ɗan yi hayaniya, ƙararrawa ta yi aikinta. Sai aka miƙo mini sanda.

Ina so tarihi ya shaida cewa da magana mai ma'ana na fara. Na ce, "Ciyaman, zamanin farar hula aka soke mana haraji da jangali, muka yi rawa a titi. Yanzu an sake masa riga an dawo da shi. Mai ɗinki ya sayi yadi ya biya, ya sayi zare ya biya, ya sayar da riga a sake biya. Riga ɗaya, haraji sau nawa? Kuma ni da nake zaune a rumfata za a mayar mai unguwa, in riƙa karɓar haraji, ba rawani ba albashi!"

Aka tafa. Wallahi tafin nan ne ya kashe ni. Da an yi shiru da na zauna.

Na juya na fuskanci baƙo. Na ce, "Amma ni ban yi mamaki ba da na ji daga inda aka turo mana shi. Duk ƙasar nan da aka rasa wanda zai iya karɓar kuɗi a hannun mai kuka, sai aka ce a nemo Bakano. Ku mutanen da ko jana'iza kuka je sai kun taɓa likkafani kun tambayi nawa yadi!"

Aji ya ɗauki dariya, har Ciyaman, don shi ma ta ofis ya samo mutumin, bai san asalinsa ba. Tanimu kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya yi tari. Ya ja kunnensa. Ya sa tafin hannu ya rufe bakinsa yana zare mini ido. Na ce a raina, kai, dubi Tanimu, dariya ta ci ƙarfinsa har yana toshe baki. Sai na ƙara wuta.

"Bawana, gaya mini gaskiya, kai nawa ne kamashonka? Don na san Bakano ba ya taso mota daga Kano saboda Allah. Kuma a gidanku wa ya koya maka zama a gaban iyayengijinka da takalmi?"

A gidanku. Haka na ce. Gidan da nake roƙon a ba ɗana 'ya.

Mutumin ya yi wani ɗan murmushi ya ce, "Malam, ai ni ba..." Ciyaman ya kaɗa ƙararrawa. "Alhaji, a yi haƙuri, sanda tana hannun Malam." Ka ji yadda doka ta tare mutumin da ya zo ceto na.

Daga nan ban san abin da ya hau kaina ba. Na tuna watan cika-ciki bai daɗe da wucewa ba, lokacin da abokan wasa ke bin juna kuɗin shara. Na taka har gaban teburinsa na ce, "Kafin ka karɓi naka harajin, ni ba ka ba ni na shara ba. Wannan ta zauna a wurina jingina." Na sa hannu na zare masa hula.

Abin da na gani a ƙarƙashin hular shi ne ya tsayar mini da numfashi. Sanƙo ne mai faɗi, da goshi mai tudu, da kunnuwa da suka ɗan buɗe kamar suna sauraron bayan gida. Na san kan nan. Kan marigayi Malam ne, mahaifin Rakiya, sak, yadda nake ganinsa in ya tuɓe rawani zai yi alwala. Ina tsaye da hula a hannun dama, sanda a hagu, ina kallon mamaci ya dawo yana kallona.

Tanimu ya karya dokar Ciyaman, karo na farko a tarihin kulob. Ya miƙe har benci ya kife, ya ce, "Inna lillahi! Kai, ajiye hular nan! Baffan Rakiya ne! Surukinka ne, ɗan cikin birni ne!"

Ana jin akuya tana tauna takarda a bayan taga. Tsohon ma'aji ya bar bakinsa a buɗe. Ciyaman ya ɗaga ƙararrawa ya rasa wa zai kaɗa wa, ya mayar a hankali. Suruki fa! Mutumin da ya kamata in na hango shi a lungu in canza hanya, in kuwa mun haɗu in durƙusa kaina a ƙasa. Shi na kira bawa, na tambayi tarbiyyar gidansu, na tuɓe shi a gaban mutane.

Na yi ƙoƙarin mayar masa da hular. Na ɗora ta a karkace, na zo gyarawa ta zame ta faɗi ƙasa. Na sunkuya in ɗauka, shi ma ya sunkuya, muka yi karo da ka. Sai na ji bakina yana magana ba da izinina ba: "Ranka ya daɗe, harajin nan alheri ne. Ni dama can ina goyon baya. Biyar ma ai ta yi kaɗan, a mayar da ita goma!"

Malam Bulus ya ce, "Ciyaman, a shaida, mun samu ƙarin mutum ɗaya." Ba wanda ya iya dariya.

Mutumin ya karkaɗe hularsa, ya sa ta daidai, ya nemi sanda da ladabi. Sannan ya amsa tambayata ta riga, tiryan-tiryan, ya ce mai ɗinkin da ya yi rajista za a cire masa abin da ya riga ya biya a kan yadi da zare, har ya ce tambayar Malam tana da kyau. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Aka tashi ba a yanke komai ba, kowa ya fita yana kallon takalminsa.

Labari ya riga ni isa gida (a cikin birni labari ba ya bin titi, ta katanga yake tsallakawa). Uwar Lawal ba ta ce mini ko sannu ba. Ta ajiye mini tuwo kamar mai ajiye wa kaza tsaba. Lawal kuwa yana zaune a zaure ya haɗa kai da gwiwa, da na shigo ya tashi ya gaishe ni da ladabi, ya koma ya zauna. Gaisuwar nan ta fi mari zafi. Yaron bai taɓa yi wa kowa laifi ba, ga shi ubansa ya rushe masa aure da hannu ɗaya. Tun ranar, kafin in yi wa mutum wasa sai na tambayi unguwarsu da sunan kakansa, ko da kuwa na gan shi yana sayar da dutsen Dala.

Washegari da safe na sa Tanimu a gaba muka tafi gidan malamai. Tun daga bakin lungu na tuɓe takalmi. Muka tarar da shi a zaure a kan buzun marigayi, da hularsa, ya ja ta sosai har kan gira. Na durƙusa na yi ta zuba: tsufa ne, shaiɗan ne, lambar mota ce, laifin Ciyaman ne. Na ce a hukunta ni, amma kada a hukunta Lawal, yaron kirki ne, halin uwarsa ya ɗauko. Ya bar ni na yi ta yi har na gaji, bai ce uffan ba. Shirun ya yi mini yawa, ni kuwa ba na iya zama da shiru. Sai na ji na ƙara da cewa, "Amma tsakani da Allah, ranka ya daɗe, yadda ka iya zancen kuɗin nan, ko Bakanon ne ya gan ka sai ya ce nasu ne."

Tanimu ya take mini yatsa har sai da na ga taurari.

Mutumin ya dube ni, ya dubi Tanimu, ya gyara zama. Ya ce, "Malam, na zo Zariya in yi bincike, jiya ka hutar da ni. A gaya wa Lawal mun ba shi. Yaron da ya tashi gida ɗaya da wannan bakin, bai gudu ba bai haukace ba, babu abin da Rakiya za ta yi masa wanda ba zai iya haƙuri da shi ba."