Katangar Wuta a Tsakiyar Falo

Wani mutum ne a nan Suleja, shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki. Daga arewa ya zo aiki Abuja, ya kama hayar ɗaki da falo a unguwar Bagama. Aikinsa a ofis bai wuce ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan ba, amma in ka tambaye shi a unguwa sai ya gyara hula ya ce yana ɓangaren adana bayanai.

Da ofishinsu ya yi gwanjon tsofaffin kaya, abokan aikinsa suka yi rububin fanka da kujeru, shi kuwa ya ɗauko kwamfuta. A cinya ya riƙo ta cikin bas tun daga Abuja. Ya girke ta a falo, ya lulluɓe ta da leshi. In baƙo ya zo sai ya yaye leshin, ya kunna, ya jira ta yi ƙara, ya kashe, ya mayar da leshi. Iyakar iliminsa ke nan.

Mai amfani da ita a gidan matarsa ce, Sa'ida, malamar firamare da ke karatun ƙaro ilimi. Wata uku tana buga aikinta na kammala karatu a ciki, da yatsa biyu. Babi biyar ne, ta gama huɗu, ƙarshen wata za a miƙa.

Ran nan a bas sai ya ji wani yana ba da labari, wai bayiros ya shiga kwamfutocin ofishinsu ya cinye takardun shekara biyu.

Mutuminka ya juyo. "Cinyewa kamar gara?"

"Gara ai tana barin ƙasa ka gani. Wannan ko ɓurɓushi ba ya bari."

Har aka kai Abuja yana tunanin kwamfutarsa. Ranar Asabar da sassafe ya nufi shagon Adewale, wani Bayarabe haifaffen Suleja mai gyaran kwamfuta da buga takardu a bakin tasha.

"Rigakafi nake so," in ji shi. "Mai ƙarfi. Irin na manya."

Adewale ya fito da akwati biyu ya ajiye a kan tebur. "Antibayiros ke nan, Oga. Wannan ƙaramin shi nake sa wa kowa, ya dace da tsohuwar na'ura irin taka. Wannan babban kuma ya fi ƙarfinta, nauyi zai yi mata."

Mutumin ya ɗauki kowanne ya jijjiga a kunne, ya auna su a tafin hannu kamar mai sayen kankana. A jikin babban akwai hoton garkuwa da takobi.

"Wannan."

"Oga, na ce maka zai yi mata nauyi."

"Teburin katako ne, zai ɗauka. Shi wannan bayiros ɗin ta ina yake shiga?"

"Ta faifai. Ka ga ɗan disket ɗin nan? In an zura shi a na'ura mai cuta, aka kawo aka zura a taka, shi ke nan ta kamu."

"To shi maganin yaya ake ba ta?"

"Faifai uku ne a cikin akwatin. Ka zura su ɗaya bayan ɗaya."

Mutumin ya yi masa wani kallo. "Kai da bakinka ka ce faifai ke kawo cuta. Yanzu kuma ka ce in zura mata har uku?"

"No be so, Oga. Waɗannan masu tsabta ne. Bari in zo gida in sa maka da kaina."

"Ka zo ka zura, gobe ta kwanta, jibi in kawo maka gyara. Na san ku." Ya rungume akwatinsa. Har ya kai ƙofa sai ya hango wata mujalla a buɗe, da hoton kwamfuta a bayan jan bulo, harshen wuta na tashi. "Wannan fa?"

"Fayawol. Katangar wuta ke nan. Manyan ofisoshi masu intanet ke sa ta don kada a shigo musu ta layin waya. Kai ba ka da layin waya, ba ka buƙatarta."

Nan fa aka taɓa shi. "Ni ne ba na buƙata? Wato akwai kayan manya, akwai kayan 'yan Bagama?"

"Oga, ba katanga ba ce ta gaske, wani tsari ne da ake..."

"Ga hoto ina gani, kana ce mini ba ta gaske ba ce."

Da ya isa gida bai ko yage ledar akwatin ba. Ya ɗora shi a kan kwamfutar, ya juya hoton garkuwar ya fuskanci ƙofa. Sa'ida ta tambaya ko ba za a buɗe ba.

"A buɗe ya huce? Haka ya fi ƙarfi."

Ranar Litinin bai je aiki ba. Ya jira Sa'ida ta tafi makaranta, ya aika aka kira masa Garba birkila daga Iku, aka sauke bulo da siminti a ƙofar gida. Garba ya zaga falon yana sosa ƙeya.

"Maigida, banɗaki za a yi a nan?"

"Katanga za ka ja mini, ta kewaye teburin nan. Daga wancan bango zuwa wannan, ta kawo mini kafaɗa."

"Ƙofar ta wane gefe?"

"Ba ƙofa."

"To ta ina za a shiga?"

"Tambayar da nake so shi ma bayiros ɗin ya tsaya yana yi ke nan."

Garba ya ce shi dai aiki aka ba shi. Kafin azahar ya cinye rabin falo. Mutumin ya kafa turmi a waje, ya jefa benci a ciki: ka taka turmi, ka haye, ka sauka a benci. Daga nan ya tsaya yana kallon ginin, yana jin kamar da saura. Katanga dai ga ta, ina wutar? Sai ya ɗauko kaskon turaren Sa'ida, ya cika shi da garwashi, ya ɗora a kan bulon.

Hayaƙin ne ya jawo mai gidan hayar, Hajiya Daso, wata dattijuwa da ba a yi mata gini ko na murhu ba tare da izininta ba. Ta tsaya a ƙofa da carbi a hannu, ta dubi katanga, ta dubi kasko, ta dubi mutumin.

"Ɗan nan, wa aka binne mini a falo?"

"Hajiya, tsaro ne na zamani. Duk manyan ofisoshin Abuja haka suke yi."

"To ka koma Abujar su ba ka ɗaki. Ƙarshen wata in zo in ga falona yadda na ba ka shi, ko in ga bayanka."

Ana cikin haka Sa'ida ta dawo, faifanta a jaka, da niyyar fara babi na biyar. Ta leƙa ta saman katangar, ta hango kwamfutar.

"Maigida, aikina yana ciki."

"Yana cikin aminci."

"Bari in haura in kwafe shi a faifai, in je wurin Adewale in ƙarasa."

"Wane faifai? Wannan da kike yawo da shi makaranta, cikin jaka ɗaya da goro da alli? Ba zai taɓa na'urar nan ba. Ki bari in gama bincike tukuna."

Ta roƙa ranar Talata, ta roƙa ranar Laraba. Da ta ga zai tafi aiki ta yi niyyar haurawa, ashe ya cire wayar wutar kwamfutar ya tafi da ita a jakarsa. Sai ta koma rubuta babi na biyar da biro a kan tabarma, tana jingine da katangar.

Ranar Alhamis ya dawo da fara'a. Direban daraktansu ya ba shi wani faifai mai wasan karta, wai daga teburin Oga kansa ya fito. Ko tufafi bai cire ba ya naɗe babbar riga, ya taka turmi.

Sa'ida ta ɗago kai. "Ba faifai ne a hannunka ba?"

"Na Darakta ne."

"Ka ce faifai ke kawo cuta."

"Faifan talaka ba. Mutumin da sai ya je Landan ake auna masa jini, shi ne faifansa zai yi cuta?"

Ya haye, ya zura. Kwana biyu yana buga karta a bayan katanga, ba ka ganin komai sai saman hularsa, ba ka jin komai sai "na ci" da "an cuce ni". Abinci kaɗai ke sa shi haurowa. Ranar Asabar da hantsi ya kunna, allo ya yi baƙi, wasu 'yan haruffa suka fito suka tsaya. Ya kashe ya kunna. Ya bubbuga gefenta. Ya ƙara garwashi a kasko. Ya juya akwatin garkuwar ya fuskanci allon, ko a kusa zai fi aiki. Shiru.

Sa'ida ba ta nemi shawararsa ba. Ta yafa mayafi ta je ta taho da Adewale. Hajiya Daso ta ga wucewarsu ta biyo baya, ta ja kujera ta zauna, don ta ce wannan kallon ba za a ba ta labarinsa ba.

Adewale ya shigo ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Oga, mene ne wannan?"

"Katangar wutar da ka ce ba na buƙata."

Adewale ya girgiza kai. Ya taka turmi ya haye, gwiwar wandonsa ta kwashi siminti. Daga ciki aka ji muryarsa. "Antibayiros ɗin ko leda ba a cire ba."

"Ai sabo ne."

Adewale ya zura nasa faifan, ya yi ta danne-danne kusan awa guda. Can ya leƙo ta saman katanga ya dubi Sa'ida.

"Madam, sai haƙuri. Na ceto babi na ɗaya da na biyu. Na uku da na huɗu sun tafi. Kina da kwafi?"

"Na so in yi," in ji ta, idonta a kan mijin.

Mutumin ya yi gyaran murya. "Ni abin da ban gane ba, ta ina ya shiga? Ba ƙofa, ba taga. Ga wuta a sama."

Adewale ya ɗaga faifan kartar da yatsa biyu kamar mataccen ɓera. "Ta nan. Iri uku na ƙirga a cikinsa. Wa ya kawo?"

"Na Darakta ne fa."

"To Darakta yana buƙatar asibiti. Wa ke haurawa nan ciki?"

"Ni kaɗai."

"Wa ya zura?"

Mutumin ya dubi silin. Hajiya Daso ta ja carbi ɗaya tana jiran amsa. Sa'ida kuwa ta riga ta ɗauko tsofaffin takardunta na biro tana jerawa a tabarma, tana lissafin kwana tara da suka rage mata ta sake buga babi biyu ta ƙara na biyar.

Mutumin ya gyara hula. Ya matsa ya dafa katangar, ya ɗan bubbuga ta da tafin hannu.

"Amma dai a faɗi gaskiya, ginin ya yi amfani. Cutar ta shiga, na yarda. To amma ta samu hanyar fita? Duk gidan nan akwai wanda ta dama?"

Sa'ida ba ta ko ɗago kai daga takardunta ba.

"Tana fita mana. Sau uku a rana take haurowa ta ce in zuba mata tuwo."