Reshen Magaryar da Na Miƙar

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da yammacin da muka je unguwar Aziziyya ganin yarinyar da jikana Anas yake nema da aure. Kafin in shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san wadda take ba shi. Ni 'yar makarantar mishan ce, ta zamanin da sistoci ke duba farcen ɗaliba kafin su duba littafinta. A hannunsu na koyi cewa kowane abu yana da mazauninsa, kuma duk abin da ya karkace, laifin yana wuyan wanda ya gan shi ya wuce. Na yi koyarwa har na shugabanci makarantar 'yan mata a gida Najeriya, da na yi ritaya kuma ɗana ya ɗauko ni zuwa Makka, nake zaune da iyalinsa a unguwar Shisha. Makarantar na baro ta a can, amma idon na taho da shi. (Surukata Nadiya, haifaffiyar unguwar Utaibiyya, za ta iya ba da shaida. Ta sha dawowa daga kasuwa ta tarar na sake wa kicin ɗinta tsari, ta wuni tana neman gishiri.)

Yarinyar sunanta Hana. Iyayenta mutanen Japan ne da suka musulunta tun suna matasa, uban ya zo karatun Larabci ya zauna, yana yi wa alhazan ƙasarsu tafinta. Shi ya riga ya amince da Anas. Uwar ce, Ummu Hana, ta ce ba za ta ce komai ba sai ta ga matan gidanmu da idonta, domin 'yar tata ita kaɗai gare ta, kuma a cikinmu za ta zauna. Wato a baki mu ne masu zuwa ganin yarinya, amma a gaskiya mu za a duba. Idan muka faɗi, Anas ya faɗi, kuma yaron nan ya kai matakin da ko shinkafa ba ya iya gama ci.

Ana gobe za mu tafi ya same ni a ɗaki, ya zauna a bakin gado yana murza hannu, ya ce da Hausarsa da Larabci ya cinye rabinta, har kaka ta koma Sitti a bakinsa: "Sitti, don Allah, gobe kallo kawai. Kada ki gyara musu komai." Na dube shi ta saman tabarau, na sanar da shi cewa tun kafin a haifi ubansa nake koyar da ladabin zama a gidan mutane, kuma idan yana neman wadda zai yi wa kashedi, uwarsa tana falo.

Ban tsaya nan ba. Na sa ya tambayo min al'adun gidan filla-filla, na haddace su kamar za ni jarrabawa, sannan na tasa Nadiya a gaba. Ana cire takalmi a bakin ƙofa, a juya shi ya fuskanci waje. Akwai silifan cikin gida, akwai na bayi daban, kuma wanda ya fito falo da na bayi ya gama da mutuncinsa. Ɗakin baƙi an shimfiɗe shi da tabarmin ƙasarsu da suke kira tatami, ba a hawansu da silifa, ba a kuma taka zanen da aka ɗinke gefensu da shi. Tsaraba da hannu biyu ake miƙa ta, ana cewa ba wani abin kirki ba ne, ko da kuwa mutum ya ji a jikinsa wajen sayenta. Na shimfiɗa dardumomi a falonmu a matsayin tabarmin, na sa baiwar Allah nan ta yi ta tsallake gefensu har ta ce, "Halas, ya isa haka, ya Hajiya, ƙafata ta gane."

Ranar kuwa komai ya tafi min daidai, har na fara jin tausayin sauran mutane. Takalmina na juya shi kamar a can aka haife ni. Zaman da suke yi a kan dugadugai, da na ga ashe zaman tahiya ne, sai na zauna daram, Nadiya kuwa tana ta mutsu-mutsu saboda ta saba da kujera. Ta kuma taka gefen tabarma duk da horon da ta sha, na yi mata tari guda, irin wanda a da yake tsayar da aji. Ummu Hana, wata siririyar mata mai magana ƙasa-ƙasa, ta gaishe ni da Turanci mai tsabta da ta ji Larabcina na salla ne kawai, ta kuma zaunar da ni a ƙuryar ɗakin, bayana yana fuskantar wani ɗan lungu da aka ɗaga daga ƙasa kaɗan. Anas ya gaya min nan ne mazaunin babban baƙo. Abin da bai gaya min ba shi ne abin da ake sawa a lungun, ko kuma ya faɗa a lokacin da nake duban wuyan rigarsa da bai kwanta ba.

Kafin in zauna idona ya riga ya faɗa kansa. A bangon lungun an rataye Bismillah da aka rubuta da buroshi, wannan ba ni da ta cewa. Amma a ƙasa akwai wani kaskon yumɓu mai bakin da bai daidaita ba, a cikinsa an kafa reshen magarya guda, ya tanƙware ya tafi hagu kamar iska ta kwantar da shi, da busasshen ganye a maƙale. Can ƙasa a gindinsa furen wardi ɗaya tak, bai ma gama buɗewa ba. Ɓangaren dama fayau, babu komai. Ni kuwa lokacin da nake ɗaliba ni ce mai jera furen falon shugaba, kuma ƙa'idar ba ta da wuya: dogo a tsakiya, gajeru a gefe, dama ta yi daidai da hagu. Nan take na yanke hukunci cewa matar nan aiki ya yi mata yawa, ta fara jera fure ba ta gama ba muka buga ƙofa, ko kuma iskar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ce ta ture shi ba ta lura ba. Na zauna na ba shi baya, amma ina jin karkatarsa a tsakiyar kafaɗuna kamar ƙaiƙayi.

Aka gaisa, aka taɓa hira. Hana ta shigo ta durƙusa ta gaishe mu, yarinya mai natsuwa, farcenta a yanke (na duba). Can uwar ta tashi haɗo shayi, Nadiya kuma ta nemi a nuna mata bayi, ina kyautata zaton don ta miƙe ƙafa ne, Hana ta raka ta. Aka ja ƙofa, aka bar ni ni kaɗai da reshen.

Ina so mai karatu ya yi min adalci a nan, domin niyyata rufin asiri ce. Na ce a raina, idan Nadiya ta gani za ta kai labari Utaibiyya cewa surukan Anas ko fure ba su iya jerawa ba. Taɓawa ɗaya kawai zan yi. Na juya, na kama reshen, na tasar da shi tsaye. Ya koma. Na ƙara ƙarfi, sai na ji ƙas, ya karye daidai gwiwar da ya tanƙware. To, aikin da aka fara ba a barinsa rabi, haka aka koya mana. Na ciro ɗan almakashin da ba ya rabuwa da jakata, na datse abin da ya rage har ya tsaya cak kamar sandar tuta, na cire busasshen ganyen, na ɗago wardin na kafa shi a tsakiya, na juya kaskon ɓangaren da ya fi kyan gani. Guntayen na tattara na cusa a jaka, na share wurin da tafin hannu. Da na ja baya na duba, wallahi har daɗi na ji. Na koma mazaunina na gyara mayafi, na rufe lungun da faɗin bayana.

Suka dawo su uku, aka kawo shayi kore mai ɗaci, na karɓa da hannu biyu, na juya kofin kamar yadda aka ce, na shanye ban yatsina fuska ba. Sai Ummu Hana ta sunkuyar da kai ta ce akwai abin da suke so su nuna min. Ta bayyana cewa a gidansu abin da ake sawa a lungun nan saboda baƙon ranar ake shirya shi, shi kaɗai, kuma a danginsu idan aka zo neman yarinya, ita ce take shiryawa da hannunta don a ga tarbiyyarta. Ta ce Hana ta sa ubanta ya kai ta hanyar Ɗa'ifa, suka yi ta yawo cikin duwatsu tana ƙin reshe bayan reshe, har ta sami wanda ya tanƙware yadda take so. Ta ce reshen ni ce, babbar da shekaru suka sunkuyar, ƙaramin wardin kuma Hana ce take neman inuwa a ƙarƙashina. Sannan ta roƙe ni, cikin ladabi, in ɗan matsa gefe.

Na so ƙasa ta tsage. Na so in tashi in gudu, amma zaman tahiyar da nake taƙama da shi ya kashe min ƙafafu, ba na jin ko yatsa. Haka na ja jiki gefe da hannuwa kamar mai rarrafe.

Kowa ya dubi lungun. Ga sanda a tsaye, ga wardi a soke a tsakiya. Hana ta sa hannu ta rufe baki. Uwar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Ya miƙe sosai."

Abin da na yi bayan wannan ya fi na farkon muni. Ni da na yi shekaru ina hukunta yara a kan ƙarya, sai na ji bakina yana tambaya ko suna da kyanwa a gidan. Ummu Hana ta ce ba su da ita. Gumi ya karyo min duk da sanyin ɗakin, na buɗe jaka na jawo hankici, sai ga shi ya fito da guntayen magarya sun maƙale masa da ƙaya, har da busasshen ganyen yana lilo. Nadiya ta dubi hankicin, ta dube ni, sannan ta yi tari guda. Nawa ne sak, har da ɗan jan numfashin da nake yi a ƙarshe.

Babu sauran mafaka. Na ajiye hankicin a gabana, na faɗi abin da na yi daga farko har ƙarshe, har da batun kyanwa, na ce yarinyar ba ta da laifi, jikana ma ya gargaɗe ni na ƙi ji. Ina jiran faɗa, sai matar nan ta dafa tabarma da hannu biyu ta ba ni haƙuri, wai su ne suka ajiye abin da ya dami idon baƙuwa. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Muka yi sallama, ta rako mu har ƙofa ba ta ce komai a kan aure ba.

A mota Nadiya ta yi ta danne dariya har kafaɗunta na rawa. A gida Anas ya ji labari, ya shiga ɗaki ya rufe, kwanaki yana gaishe ni kamar mai gaida maƙwabciya. Daga Aziziyya kuma shiru. Da na ga abin zai kashe yaron, na sa shi ya ɗauke ni a mota zuwa hanyar Ɗa'ifa. Duk wanda ya wuce a ranar ya ga tsohuwa da tabarau da sanda tana bin magarya ɗaya bayan ɗaya, tana ƙin duk reshen da ya miƙe, tana neman mafi karkata. Ƙaya ta yaga min abaya. Na kai reshen da kaina, na miƙa wa Hana da hannu biyu, na ce ba wani abin kirki ba ne, kuma karon nan gaskiya na faɗa. Ta juya shi, ta duba, ta ce ya yi, sai dai ya ɗan cika tanƙwara. Uwar ta yi dariya a karon farko, ta ce a gaya wa mazan su zo a sa rana. Daga baya ta shaida wa Nadiya cewa dama tsoronta surukai masu iko ne, to ta ga iyakar ikon, ta kuma ga ana iya tura shi daji ya yi biyayya.

An yi auren. Darasin da na ɗauka, bayan na kai shekarun da ya kamata a ce ni nake bayarwa, shi ne idan ka ga abu a karkace a gidan mutane, ka fara tambaya ko wani ne ya sha wahala kafin ya karkatar da shi. Ban ce idona ya warke ba. Har yau idan na je gidan Anas ina ganin abubuwan da ke neman gyara. Amma a bakin ƙofa, bayan na juya takalmina, Hana takan miƙo hannu biyu cikin ladabi ta karɓi jakata, ta ce za ta ajiye min kada ta yi min nauyi.